Ranar da Mama Rhoda Ta Sallami Foman

A Kamazou, kafin ka ga Mama Rhoda sai ka ji ta. Wani fito ne siriri, fiiii, irin na butar shayin da aka manta a kan wuta, yake fitowa daga kunnenta na dama, yana riga ta shan kwana. Kare ya ji ya miƙe. Mai kwana ya ji ya juya. Mu kuwa matan zumuntar coci, da mun ji sai mu canza hira, mu koma zancen tsadar tumatir.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a masaƙa a Kakuri, cikin ɗakin saƙa inda injuna ɗari uku ke bugawa lokaci guda. Ranar da aka rufe masaƙar ta fito da abu biyu: kunnuwan da suka mutu rabi, da iya karanta baki. Ai a ɗakin saƙa ba a magana da murya, ko ihu ka yi asara ka yi. Leɓe ake motsawa, ta can ƙarshen layi ta gane, ta mayar da amsa. Ta haka suka yi gulmar duk wani oga da ya taɓa ratsa ɗakin, yana tsaye a tsakiyarsu bai sani ba.

Ɗanta Tony ne ya sayo mata injin kunne, shekara tara ke nan. Ta raɗa masa suna Foman, wai tun bayan Oga Kenneth, foman ɗinsu na masaƙa, ba a sake samun wanda ya shiga kunnenta ya yi zaune haka ba. Kuma tsakani da Allah, Foman ya yi aiki a zamaninsa. Sai tsufa ya zo masa kamar yadda yake zo wa kowa. Batirin da ke kwana goma ya koma kwana biyu. Murfinsa ya karye, ta ɗaure da zaren kitso. Ɗan bututun roba ya yi tauri, ya rine kamar haƙorin mai cin goro. Daga nan sai fito. Ita kuwa ba ta jin fiton ko kaɗan, don siririn sauti shi ne farkon abin da masaƙa ta cinye mata.

Abin da ta lura da shi kawai, magana ta fara yi mata nisa. To, macen da ta girma a gindin inji ta san magani. Kowace Asabar bayan wanki sai ta ɗauko man keken ɗinki, ta ɗiga wa Foman ɗigo biyu, ta goge shi da gefen zane.

'Yarta Esther ta yi magana har ta gaji. “Mama, don Allah mu je a sake gwada kunnen nan. Abin nan ya gama yayinsa.”

“Injin da na yi aiki a kansa ya girmi ubanki,” in ji Mama Rhoda, “kuma har ranar da aka sa wa masaƙa kwaɗo yana saƙa. Inji in ya yi nauyi, mai yake so. Ku yaran yanzu, abu ya yi tari sau ɗaya sai bola. Haka za ku yi da ni ke nan?”

Esther ta taɓa ce mata yana kuka. Ta ce ƙarya ne, a kunnenta yake, da ita za ta fara ji. Mu sauran ba mu tanka ba. Akwai kunya, babba ce. Akwai tsoro, bakinta kamar reza. Kuma, to, Allah na gani, akwai amfani. Matar da ke karanta baki daga tsallaken titi, in Allah ya rataya mata ƙararrawa, wa zai ce a cire?

Inda abin ya ɓaci shi ne coci. Shekara talatin Mama Rhoda ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ita ke riƙe makirfo ta ja baiti, mu amsa, makaɗiyarmu Tagwai ta bi ta da kiɗan tulu. In ka raba ta da makirfon nan, gara ka raba ta da ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Amma 'yan shekarun nan, da ta kai makirfo kusa da kai sai Foman ya shige lasifika. Wata Lahadi ya yi ƙarar da Rabaran ya saki littafinsa ya dafe kunnuwa biyu, jarirai uku suka farka a tare, wani dattijo da ya saba barcinsa a bencin baya ya zabura ya ce “Amin!” tun ba a fara addu'a ba. Ga shi kuma ba ta jin tulu sosai, sai ta riƙa shigowa waƙa a makare.

Ga babban taron zumunta na gunduma yana zuwa a Barnawa nan da mako huɗu, coci goma sha huɗu, kowace da ankonta da alfaharinta.

Bayan sujadar Lahadi 'yan kwamiti suka taru a gindin mangwaro. An sha ruwa ranar, gari ya yi sanyi har da masu rigar sanyi, amma kowace ta kare bakinta da mafici tana fifita. Mama Rhoda na bakin ƙofa tana kallo. Mata bakwai suna fifita a cikin sanyi, ai ko jaki ya san da magana. Ta yi haƙuri ta jira. Can ƙuda ya sauka wa uwar zumunta a hanci, ta kai masa mafici, bakinta ya buɗe na ɗan lokaci. Abin da Mama Rhoda ta karanta kaɗan ne, amma ya isa: “...a ba Patience makirfo.”

Patience! Yarinyar da aka yi wa baftisma a gabanta.

Washegari ta hau keke Napep zuwa Sabon Tasha, wurin Uche mai gyaran waya, ta kwance Foman ta ajiye masa a kan tebur. Uche ya warware zaren kitson, ya ɗaga murfi, sai ga mai yana bin yatsansa.

“Chineke! Mama, wannan inji ne ko miya?”

“Gyara za ka yi ko surutu?”

“Mama, ni ina gyara waya, ina gyara rediyo, har agogon coci na taɓa tayarwa. Amma wannan ya mutu. Wanda ya mutu binne shi ake yi.”

“Li'azaru fa?”

“Ni ba ni na tayar da shi ba, Mama.”

Ta tsare shi da ido har sai da ya ɗauko gam ya liƙe abin da zai liƙu. Ya ƙi karɓar ko sisi, wai ba ya so sunansa ya shiga ciki. A hanyar dawowa Foman ya saki wani sabon fito, mai keke ya taka birki ya faka a gefe yana lalubar takardunsa, ya zaci ma'aikatan hanya ne.

Da Esther ta ga abin ya fi ƙarfinta, sai ta buga wa Hajiya Hadiza waya. Hajiya Hadiza ta Tudun Wada aminiyar Mama Rhoda ce tun masaƙa, injinsu na maƙwabtaka da juna shekara goma sha takwas. Duk abin da ya faru a garin nan, ba a taɓa yin Kirsimeti ba ta tsallako gada ta ci shinkafa ba, ba a kuma taɓa yin Sallah Mama Rhoda ba ta je ta kushe soyen namanta ba. Ita kaɗai ce a duniya ke iya ce wa Mama Rhoda “ke” ta kwana lafiya.

Ranar Alhamis da hantsi ta iso. Suka zauna a baranda, suka juya suka fuskanci juna, sai murya ta ɗauke. Leɓe kawai ke motsi, irin na masaƙa. Esther na leƙe ta taga ba ta tsinci ko kalma ba. Daga baya Hajiya da kanta ta ba mu labari.

“Rhoda, kina kuka kamar buta.”

“Ke ma sun saye ki?”

“Da me? Tun daga bakin titi na ji ki, da shi na gane layinku, don an yi sababbin gidaje.”

“Mai kawai yake so.”

Hajiya Hadiza ta matso kusa da ita. Ta tura ɗankwalinta baya, ta nuna wani tsohon tabo a saman girarta ta hagu, tsawon ɗan yatsa.

“Wa ya yi min wannan?”

Mama Rhoda ta kau da kai. “Ƙoshiya ce.”

“Ƙoshiyar wa?”

To, ga waɗanda ba su san masaƙa ba: ƙoshiya ita ce ɗan katakon nan mai bakin ƙarfe da ke ɗaukar zare yana ratsa saƙa, ya je ya dawo, da gudun da ido ba ya gani. Dokar ɗakin saƙa ita ce, in ƙoshiya ta tsage a mayar da ita sito a karɓo sabuwa, ba gardama. Mama Rhoda tana da wata da ta saba da hannunta. Ta tsage, ta ƙi mayarwa, ta naɗe ta da zare ta shafa mata mai. Kwana biyu ta yi, a na uku ta yi tsalle ta bar injin kamar harsashi, ba ta sauka ko'ina ba sai goshin Hadiza.

“Saura ƙiris,” in ji Hajiya, “da yanzu aminiyarki mai ido ɗaya ce. Ɗinki shida. Kuma na ce wa Oga Kenneth faɗuwa na yi, don kada a kore ki. Shekara talatin ban yi miki gori ba, ajiye shi na yi don irin yau. Kin riƙe rabin doka kin yar da rabi, Rhoda. Inji ake sa wa mai. Ƙoshiya canza ta ake yi. Abin kunnen nan naki ƙoshiya ce, ta tsage, kuma yanzu coci guda take fasa wa goshi.”

Mama Rhoda ta dubi tabon. Can ta ce, “Ni ban ji wani fito ba. Abin da ban ji ba, ba zan rantse a kansa ba.”

“Ga mai shaida nan.”

Karen gidan yana kwance nesa da su, can jikin katanga, inda ya mayar da wurin kwanansa tun bara. Hajiya ta sa ta cire Foman ta kashe. Ba a jima ba kare ya taso ya zo ya kwanta a ƙafarta. Hajiya ta kunna, ta dunƙule shi a tafin hannu. Kare ya zabura, ya ɗaga kai sama ya yi kuka, ya koma katanga. Aka kashe, ya dawo. Aka kunna, ya gudu. Sau uku.

A nan ne Mama Rhoda ta yi magana da murya, har Esther ta ji daga ɗaki. “Karen nan ma munafuki ne. Ina ba shi ƙashi, tun bara bai gaya min ba.”

Ranar Litinin suka tafi wani asibitin kunne a Barnawa, ita da Esther, Hajiya na biye don kada ta gudu. Mai gwajin wata yarinya ce mai fara'a, Sumayya. Ta sa ta a wani ɗan ɗaki kamar na wanka, ta kifa mata abu a kunnuwa, ta ce in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Mama Rhoda ta riƙa ɗagawa ko ba ta ji ba, don kada ta faɗi jarrabawa, sai da Sumayya ta leƙo ta ce, “Mama, ba a cin na ɗaya a nan.” Aka sake daga farko.

Da aka gama, Sumayya ta ɗauki Foman da yatsa biyu kamar mataccen kyankyaso. “Shekararsa nawa?”

“Tara. Yaro ne.”

“A wurinsu tsoho ne tukuf, Mama. Yawancinsu daga shekara biyar zuwa bakwai sun gama. In batir ya daina daɗewa, in yana yawan fito, in kin ƙure shi amma magana na yi miki nisa, lokacin dawowa wurinmu ya yi. Wani lokacin wanki ne kawai ko sabon bututu. Wannan kam... me aka zuba masa?”

“Man keke,” in ji Hajiya, da sauri kamar ana rabon lada.

Sumayya ta cije leɓe ta danne dariya. “To ko da ba a jiƙa shi ba, an saita shi ne da kunnenki na shekara tara da suka wuce, kuma kunnen ya ƙara sauka. Kamar ki ɗauko rigar aurenki ki ce yau sai ta shige ki.”

“Da ta shige ta har da ni a ciki,” in ji Hajiya, “lokacin kamar tsinke take. Yanzu ne dai.”

Tony ya ji labari a waya ya ce a yi duk abin da ya kamata. Bayan kwana biyar aka kira ta, aka sa mata sababbi, kunne biyu, ƙanana kamar wake, ana yi musu caji kamar waya. Sumayya ta ce ta riƙa sawa kaɗan-kaɗan har kai ya saba, ta dawo bayan mako guda a ƙara saitawa, kuma ta sa ta yi alkawari a gaban shaidu cewa mai ba zai kusance su ba.

Kwanakin farko masifa ta yi ta yi. Ashe silifas ɗinta na ƙara. Ashe famfo na ɗiga. Ashe kazar maƙwabta ba ta da tarbiyya. Esther ta yi ƙunƙuni a kicin kamar yadda ta saba shekara da shekaru, sai ta ji daga falo, “Na ji ki, uwarki ce mai taurin kai.” Da ta gwada jan baiti a ɗaki kuwa, sai ta tsaya cak ta ce, “Wace ce wannan mai ihu?”

Ta aika wa zumunta cewa mura take yi, ba za ta zo koyon waƙa ba. Ta sa Esther ta kunna mata waƙar da aka ɗauka a waya wata Lahadi. Ta saurara sau ɗaya, ta ce a sake. Ga tulu ya fara daidai, ga muryarta ta shigo a makare. Sai ta ji abin da ba ta taɓa sani ba: Tagwai ta ja hannu, ta rage kiɗan ya jira ta. Mata arba'in suka ja numfashi suka jira ta. Kowane baiti haka, sai su dakata taki guda su ɗauke ta, kamar yadda ake jiran tsohuwa ta tsallaka kwata.

Ta daɗe zaune da wayar a cinya. Esther ta ce ta ga tana share ido. Ita ta ce hayaƙin maƙwabta ne.

Kwana tara ta yi tana koyo a ɗaki, tana buga cinya tana shiga a kan kiɗa.

Ranar Juma'a da la'asar, jajibirin taro, muna coci don koyon waƙa na ƙarshe. Har lokacin ba wadda ta gaya mata an ba Patience makirfo. Ba mu ji fito ba, don haka muka saki baki muka ajiye mafici.

“Uwar zumunta, ke za ki gaya mata, ke aka zaɓa.”

“An zaɓe ni in yi shugabanci, ba a zaɓe ni in mutu ba. A tura Rabaran.”

“Rabaran ya ce yana da taro.”

“Allah ya sa murar ta kai Litinin,” in ji wata. Ba zan faɗi sunanta ba, tana da jikoki.

“Amin,” in ji wata murya daga bencin baya. “Allah ya ba mai addu'ar irinta.”

Wayyo! Mama Rhoda ce zaune, ɗankwali ya rufe kunnuwa, jaka a cinya, ba fito ba alama. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Uwar zumunta ta lalubi mafici ta kare baki.

“Ajiye, Maman Stephen. Yanzu ko ta bayan bango ina ji.” Ta taso ta zo gaba. “Waƙa ɗaya nake roƙo. In na makara ko makirfo ya yi kuka, da hannuna zan miƙa wa yarinyar nan. Tagwai, buga. Kuma kada ki jira ni.”

Tagwai ta buga. Mama Rhoda ta shiga daidai kan kiɗa, tsaf, kamar zare a kafar allura. Lasifika ba ta ce uffan ba. Mu kuwa, da muka shekara uku muna dakata mata taki guda, sai muka dakata. Muka shigo a makare, mu arba'in. Tagwai ta ja hannu don ta jira, ta ga ba wadda za ta jira, ta ruɗe ta bugi gefen tulu. Masu kacau-kacau suka bi ta cikin daji. Waƙa ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Mama Rhoda ta sauke makirfo a hankali. “Uwar zumunta, wa ya makara?”

Uwar zumunta ta ɓoye fuska a bayan mafici, Mama Rhoda ta ci gaba.

“Akwai wata yarinya a Barnawa, Sumayya. Ku je ta duba muku kunnuwa. Ba a cin na ɗaya, kada ku ji tsoro.”

Tagwai ce ta fara dariya, ta kifa kai a kan tulu, sai coci ya ɗauka. Sau bakwai aka maimaita waƙar kafin mu warke daga jira. A na ƙarshe Mama Rhoda ta juya ta dubi Patience, wadda ke amshi a layin gaba.

“Ke, sake yin wannan wurin ke kaɗai.”

Patience ta yi.

“Ashe kina da murya? Ni shekara uku na zaci hamma kike yi. Gobe ni zan ja ta farko, ke ki ja ta biyu. In kin makara zan ji.”

Haka aka yi a Barnawa, gaban coci goma sha huɗu. Hajiya Hadiza ta tsaya a bakin rumfa daga waje, ta motsa mata leɓe daga nesa. Ba mu san abin da ta ce ba, amma saura kaɗan Mama Rhoda ta ɓata baiti da dariya.

Foman yana cikin gwangwanin allura, an cire masa batir. Kare ya dawo baranda.

Lahadin da ta biyo baya, kwamiti ya miƙe a gaban jama'a ya ba Mama Rhoda kyautar girmamawa ta shekara talatin: awarwaro na ƙarfe guda goma sha biyu, masu ƙara kamar an zubar da cokula. Ta karɓa, ta kaɗa su kusa da kunne, ta dubi uwar zumunta ta yi murmushi, ta yi godiya mai tsawo. Tana sa su kuwa, kullum. Sai dai in za ta ratso layinmu, tun daga kwana take ɗaure su da hankici.